Abin da na tarar wajen tattara tarihin badujalar 'yan mazan jiya

Tsofaffin da ke busa a ƙungiyar badujalar 'yan mazan jiya ne suka roƙe ni in rubuta tarihinta kafin ƙasa ta rufe idon waɗanda suka san farkonta. Na karɓa, da ma nakan riƙe musu ganga in an rasa hannu.

Takardu kaɗan ne: littafin taro da gara ta ci gefensa, sai hotuna marasa kwanan wata. Kayan busan sun fi taimaka mini, domin masu ƙera su kan buga lamba a jikin ƙarfen, wadda ke nuna zamanin da aka yi su. Tsofaffi kuwa, kada ka tambaye su shekara. Tambaye su wa ke jan fareti a lokacin, wa ya rasu a tsakani, sai labari ya yi ta zuwa.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yawaita bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka tsagaita wutarsa ranar 11 ga Nuwamba 1918. Sojojin da suka dawo sun kafa American Legion a Amurka a 1919, da British Legion a Birtaniya a 1921, rassa da yawa kuma suka tara masu busa. Wadda na bincika ma haka ta faro: mutane ne da suka koyi busa a bariki, aka sallame su, suka ƙi ajiye kayan.

Jama'a fareti suke gani, ranar tunawa da waɗanda suka kwanta dama ko ranar wani bikin gari. Amma littafin taron, shafi bayan shafi, maganar binne tsofaffin sojoji ce: wa zai je, wa zai busa. Mutum ɗaya ne ke tsayawa da bigila, wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya, leɓe da numfashi kaɗai ke fitar da sautin. A Ƙofar Menin, wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, da ke Ypres ta Beljiyam, tun 1928 ake busa Last Post, taken bankwana da sojojin da suka rasu, da ƙarfe takwas na kowane dare, in ban da shekarun mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka kuwa, dokar da ta fara aiki a 2000 ta yarda a kunna na'ura a wajen binne tsohon soja in babu mai busa. Ban ga laifinsu ba, amma iyalan da na zanta da su ba sautin suke tunawa ba, mutumin da ya taso takanas saboda mahaifinsu suke ambata.

Yanzu haƙora sun zube, numfashi ya ragu, kuma an rabu biyu kan ko a karɓi wanda bai taɓa sa kaki ba. Ina tare da masu cewa a karɓa. Koyon bigila har ta fita tsaf yana cin watanni, masu koyarwar kuma duk sun manyanta, don haka na ba da shawara a fara da 'ya'ya da jikokin mambobi tun bana.