Makunnin zartona ya daina kyarma, amma sai da ya ci min kwantakta ɗaya

Jama'a, jiya bayan isha'i sabon makunnin zartona ya zauna. Na kunna zarton teburi, yana gudu na je na sauke babbar bireka, na ƙirga goma na mayar. Shiru. Faifan bai ko motsa ba sai da na danna koren maɓalli da hannuna. Sau bakwai na maimaita, har maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya nake wasa da wutar gida.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: makonni uku da suka wuce ina tsaga katako aka ɗauke wuta. Na bar katakon a bakin faifai, na manta tsohon makunnin yana kunne, na tafi sallar la'asar. Ina masallaci aka dawo da wuta. Da na dawo na tarar zarto yana ta ruri shi kaɗai, katakon kuma ya yi tsalle ya lotsa ƙofar langa-langa, daidai inda ɗan ƙanena yake zama yana tara guntayen katako. Allah ya kiyaye ba ya nan ranar. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Shi ya sa na haɗa wa zarton sabon makunni da kwantakta, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke rufewa, don kada ya sake tashi da kansa. Haɗin ba sabo ba ne: jan maɓallin kashewa a jere da koyil ɗin maganaɗisun, koren maɓallin kunnawa kuma da bakunan kwantakta masu lamba 13 da 14 a gefensa don su riƙe bayan an saki yatsa. Wuta ta tafi, maganaɗisu ya saki, shi ke nan sai an sake dannawa. A kan tebur da ƙwan fitila, gwajin farko ya kama. Har na fara jin kaina.

Da na ɗaura a jikin zarto sai labari ya sha bamban. Da safe ya kan kama lafiya. Da yamma kuwa, ina danna kore sai akwatin ya hau karrrr kamar an saka fara a gwangwani, motar injin ta yi gurnani ba ta ɗau gudu ba. Na fara zargin garin katako, domin ƙura kaɗan a fuskar ƙarfen maganaɗisu ta isa ta sa shi ƙugi. Na kwance, na goge, na duba ɗan zoben tagullar da ke fuskar ƙarfen, wanda idan ya tsage kwantakta ba ta rabuwa da ƙara. Lafiyarsa ƙalau. Na ce to ko na ɗaura a bakuna 21 da 22 ne maimakon 13 da 14 cikin kuskure, tunda wannan ma yana mayar da kwantakta ƙararrawa. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daidai suke. Kwana huɗu ina zagin mai shagon da ya sayar min, ina cewa jabu ya ba ni. Bawan Allah ba ruwansa, na ɗauki alhakinsa kawai.

Sai na yi wautar da nake so ku ji da kyau. Haushi ya ɗebe ni na danne koren na ƙi saki, wai sai ya kama ko yana so ko ba ya so. Ya yi ta kyarma kamar daƙiƙa biyar, sannan ya kama, faifai ya ɗau gudu. Na yi murmushi, na danna ja. Zarto bai tsaya ba. Na sake dannawa, ko a jikinsa. Sai fulogi na fizge. Da na buɗe kwantaktar, bakunan sun yi baƙi ƙirin sun manne da juna, tartsatsin kowace kyarma ya yi musu walda. Wato abin da na haɗa don ya hana zarto tashi da kansa ya koma waya miƙaƙƙiya, wanda ya fi tsohon makunnin muni, don shi aƙalla ana iya kashe shi. Naira 18,000 ta tafi a daƙiƙa biyar.

Sai bayan wannan asarar na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na aro wata kwantakta, na ɗora mita a kan A1 da A2, wato bakunan koyil ɗin, na sa ƙanena ya danna ni ina kallo. Kafin dannawa bolt 212. Ana dannawa sai ta faɗo wajen 160. Koyil ɗin na 230 ne, kuma ƙa'idar waɗannan na'urori ita ce su kama daga kashi 85 cikin ɗari, wajen bolt 195 ke nan, kuma suna iya saki da zarar wuta ta yi ƙasa da kashi 75, wajen 172. To ga abin da ke faruwa: ta kama, mota ta zuƙe wuta, koyil ya ji yunwa ya saki, wuta ta farfaɗo, ta sake kamawa. Haka har bakuna su narke.

Ina bolt 50 ɗin suke tafiya? Cikin wayata. Motar mai kilowat 2.2 ce, tana jan amfiya 13 zuwa 14 in tana gudu, amma lokacin tashi sai ta ninka sau biyar ko shida, mu ce 70. Ni kuma da wayar jona mai milimita 1.5 nake kai mata wuta, tsawon mita 30, rabinta a naɗe a ƙarƙashin benci. Zuwa da dawowa mita 60, turjiyarta ga wuta wajen om 0.7. Ku ninka da 70 ku gani. Shekara biyu zarton nan yana tashi da nawa da yamma, ina cewa tsufa ne.

Na ja sabuwar waya mai milimita 4 kai tsaye daga allon bireka, mita 12 kacal, na sayi kwantakta mai amfiya 25 maimakon 18. Ita kaɗai naira 27,000, wayar kuma kada ma ku tambaya, kuɗin da na ware wa katakon durowa ne ya tafi. Yanzu a lokacin tashi mita ba ta sauka ƙasa da 200 in wutar unguwa tana da ɗan ƙarfi.

Wani abokina mai walda ya ce me ya sa ban cusa tsinke na danne kwantaktar ba kamar yadda ake yi wa injin niƙa in wuta ta yi rauni. Na ce masa in tsinke zan sa, ai gara in bar tsohon makunnina in huta da kashe kuɗi. Ranar da wuta ta gaza 190 akwatin ba zai kama ba, kuma na yarda da hakan, don motar ma zafi take ɗauka a irin wannan wuta.

Koren maɓallin na zagaye shi da guntun bututun roba mai tsawon rabin yatsa, saboda kada gefen katako ko ƙuguna ya taɓa shi ina wucewa. Bai yi kyau ba ko kaɗan, gam ɗin ma ya zubo, amma sai ka zura yatsa da niyya kafin ka same shi. Jan maɓallin ne har yanzu bai gamsar da ni ba. In hannu biyu suna kan katako ba na isa gare shi, don haka ina so in rataya masa faffaɗan allo da hinji yadda gwiwa za ta buga. Na yanka allon tun shekaranjiya, sai dai nauyinsa kaɗai yana danne maɓallin ya kashe zarto. Wanda ya taɓa yin irinsa ya faɗa min wane sifirin ya sa a baya, don na biro ya yi laushi, na bireken keke kuma sai na yi harbi kafin ya motsa.