Wata uku ina aiki a kan na'urar wasa

Ranar da kwamfutata ta ƙi tashi, abin da ya rage min a hannu shi ne Steam Deck, 'yar na'urar wasa ta hannu da nake buga wasa da ita da dare. Kamfanin Valve ne ya fito da ita a 2022, na kuma san Linux ce babbar manhajar da ke tafiyar da ita, amma ban taɓa leƙa wannan ɓangaren ba. Na danne maɓallin kunnawa, na zaɓi fuskar kwamfuta, sai ga KDE Plasma, wato fuskar aiki irin ta kwamfutar tebur, da manyan fayiloli da komai.

Allonta inci 7 ne, ba ya isa a yi doguwar takarda a kai. Ramin USB-C ɗaya gare ta, don haka na nemo mahaɗi mai ramuka da yawa, na jona babban allo da kibod da linzami. Daga nan wahala ta ragu sosai. Na buɗe Discover, rumbun manhajoji, na sauke Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubuta takardu da GIMP na gyaran hoto, duka kyauta, kuma da 16GB na RAM ba ta taɓa yi min nawa ba ko da shafuka sun yi yawa.

Kuskuren da na yi shi ne gaggawa. SteamOS, wato nau'in Linux ɗin da ke cikin na'urar, an gina ta ne a kan wani nau'in da ake kira Arch Linux, amma an kulle ainihin tsarin, ana karantawa ba a rubutawa. Na buɗe Konsole, inda ake rubuta wa na'ura umarni, na sa kalmar sirri, na cire makullin, na girka wasu manhajoji da pacman, wato manhajar da ke girka su cikin ainihin tsarin. Kwana kaɗan aka sabunta tsarin, na duba, babu ko ɗaya. Sai daga baya na gane dalili: sabuntawar ba faci take yi ba, tsarin gaba ɗaya take sauyawa da sabo, duk abin da ka cusa masa ya tafi tare da tsohon. Takarduna kuwa suna nan lafiya, haka ma duk abin da na sauke ta Discover, domin su Flatpak ne, kowace manhaja tana tafe da kayan aikinta a wani wuri dabam. Da farko abin ya ɓata min rai. Yanzu ina ganin wannan makullin ne ya sa ban taɓa wayar gari na tarar da na'urar ta rikice ba, kuma tun ranar ban sake taɓa shi ba.

Da LibreOffice ma na koyi wani abu: takardar docx kan ɗan goce idan wani ya buɗe ta a Word, musamman in salon haruffan da na zaɓa babu shi a wajensa. In ba gyara za a yi mata ba, PDF nake turawa.

An gyara kwamfutar tawa tuni, kuma abu na farko da na yi mata shi ne sa mata Linux mai KDE Plasma.