Ranar da na koyi yin shiru

A shekarata ta farko ina aikin ba masu damuwa shawara, bakina ya fi kunnena aiki. Mutum bai gama zama ba na fara jero masa abin yi: ya rage tunani, ya riƙa motsa jiki, ya kwanta da wuri. A raina ni ce mai magani.

Wata mata ce ta sauke min wannan ji da kai. Ta zo da kukan rashin barci da gajiyar da ba ta jin hutu. A zamanmu na uku ta katse ni cikin ladabi, ta ce, "Malama, duk abin nan na sani. Ni dai ba a taɓa tambayata me nake so ba." Na rasa bakin magana. Da daddare na koma kan Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka da muka haddace don jarrabawa kawai. Shi ne ya fito da tsarin da ke sa mai neman taimako a gaba, ya rubuta littafi a kai a 1951. A 1957 ya lissafa sharuɗɗa shida na samun sauyi, uku daga ciki sun rataya a wuyan mai sauraro: ya kasance ba shi da fuska biyu, ya karɓi mutum yadda yake ba tare da sharaɗi ba, kuma ya ji abin kamar a jikinsa.

Faɗa da baki ba wuya. Zama minti 50 ba ka gyara wa mutum zance ba, shi ne aiki. Na koma maimaita mata abin da na fahimta, ita kuma tana gyara min. In ta yi shiru, sai in danne kaina in bar shirun. Cikin irin wannan shirun ne ta fara maganar mahaifiyarta da ta yi jinya har ta rasu, da yadda ba ta samu sararin kuka ba saboda kowa ita yake kallo.

Barci ya fara dawowa, amma gajiya tana nan. Wata rana, a gefen zance, ta ce sanyi take ji ko ana zafi, ga ƙiba ba dalili. Nan na tuna da likitan nan George Engel, wanda a 1977 ya ce a duba jiki da tunani da zamantakewa tare. Na ba ta shawarar ganin likita a yi mata gwajin jini. Ashe tayirod ɗinta, wato ƙullutun da ke gaban wuya, ba ya aiki yadda ya kamata, kuma wannan kan yi kama da ciwon damuwa. Da ina kan jero shawarwari, ina za ta samu gurbin ambaton sanyi?

Akwai inda ba na jira. Idan na ji alamar mutum na tunanin kashe kansa, kai tsaye nake tambaya, mu tsara yadda za a kare shi.

Ita ce ta zaɓi ranar zamanmu na ƙarshe. Na so mu ƙara biyu, har na buɗe baki, sai na tambaye ta dalili. Ta ce yanzu ita da ƙanwarta suna iya maganar mahaifiyarsu.