Akoko, yadin da sunansa ke ɓacewa

A makon jiya na kai ɗinki wurin wani dattijon tela a Agege, sai ya juya tsohuwar rigar mahaifina da na kawo domin a ɗauki awo, ya murza shafinta da yatsu biyu, ya ce, "Wannan ai akoko ne, yaro." Yaran shagonsa, waɗanda duk a Legas aka haife su, ba wanda ya san abin da yake nufi, har ɗaya ya zaci kalmar Yarabanci ce, domin a wurin Yarabawa akoko lokaci ne.

Akoko yadin auduga ne mai kaushi wanda ba a wanke shi da sinadari ya yi fari ba, saboda haka launinsa yana tsakanin fari da ruwan ƙasa, kuma idan ka ɗaga shi a rana za ka ga ɗigo-ɗigon ɓawon angurya a jikin zaren. Wasu suna haɗa shi da kittani, wanda kuskure ne, tun da kittani daga wani tsiro dabam ake samun zarensa. Ɗan'uwansa na kusa shi ne alawayyo, mai fari da santsi, wanda aka fi yin likkafani da shi.

Na ce, "Baba, su wa ke sa shi a da?" Ya ce talaka, kai tsaye. Da shi ake ɗinka wa yara taguwa, a yi rigar katifa, a yi shafi, masu rini kuma su saye shi bandir-bandir domin yana shan baba sosai. Sabonsa yana da tauri, sai an yi masa wanki biyu ko uku kafin ya kwanta a jiki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ta wannan gari namu yadin ya riƙa bi. Daga masaƙun Manchesta ake sauke shi a tashar ruwan Legas, jirgin ƙasa ya haura da shi, musamman bayan da dogo ya isa Kano a 1911. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, irin wannan yadi ta fara saƙawa.

Baba ya ce har yanzu ana samunsa a kasuwar Balogun, amma in na je kada in kira sunan, gara in yanki ƙyalle in nuna musu.