Garin Kartushi a Bindigar Kawu

Yatsu uku ne a hannuna na hagu. Yara kan tambaye ni ina sauran biyun, ni kuwa ba na ɓoye musu, don gara su ji daga bakina da su ji a jikinsu.

A gidan kawuna na tashi, cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, ba nisa da fadar Sultan na Damagaram. Kawu maharbi ne, kuma yana cikin ƴan bindigar da ke cika gari da ƙara ranar hawan Salla. Bindigarsa irin ta ɗuri ce, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da tsumma, maƙeri ne ya ƙera ta tun ban zo duniya ba. Mu nan harkar albarushi ba baƙuwa ba ce. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da garu, a garin nan ake haɗa albarushi, a nan ake zuba igwa. Kawu yana alfahari da wannan, kuma da shi ya raine ni. Tun ina ɗan shekara 12 nake riƙe masa ƙahon albarushi. Ma'auninsa wani ɗan guntun ƙaho ne da ya gada, kullum kuma maganarsa ɗaya ce: a cika shi, a shafe bakinsa da yatsa, kada a ƙara.

Shekarar da abin ya same ni, Babbar Salla ta faɗo cikin damina. Ɗakin ajiyarmu ya yi yoyo, albarushin ya sha danshi ya dunƙule, Kawu kuma ya tafi ƙauye wajen gonarsa. Saura kwana uku hawa. Sai wani abokina ya zo mini da tsofaffin kartushi, wato harsasai, na bindigar farauta ta zamani, waɗanda ya tarar cikin kayan mahaifinsa bayan rasuwarsa. Ya ce ai abin da ke ciki ma albarushi ne, na Turawa, ya fi namu tsabta. Muka fitar da garin, ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi, ba irin namu baƙi mai ɓata hannu ba.

Ban yi gaggawa ba, wannan ne ma ya fi damuna har yau. Na gwada. Na zuba kaɗan a kan dutse na sa masa wuta. Namu in ya ga wuta a fili, fuu! yake yi lokaci guda, hayaƙi ya turnuƙe. Wannan kuwa ya ci a hankali, harshen wuta rawaya, kusan babu hayaƙi. Na dubi abokina na ce rago ne, bai kai namu ƙarfi ba. Na cika ma'aunin Kawu, na ga kamar ba zai yi ƙarar da za ta fitar da mu kunya ba, na ƙara.

Bayan gari muka fita, cikin duwatsun nan da Allah ya jibge wa Zinder. Na ɗaga bakin bindiga sama na ja kunama. Ban ji ƙara ba. Haske na gani, sai na tsinci kaina zaune a ƙasa, ƙotar bindiga a gefe, ƙarfenta ya tsage daga gindi ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Abokina yana ta magana, bakinsa kawai nake gani yana motsi. A kan moto ya kai ni gidan likita, hannuna naɗe cikin rawaninsa. Kunnena na dama bai dawo daidai ba har yanzu.

Washegari Kawu ya iso. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Ɗana, ma'aunin nan na albarushinmu ne. Wa ya ce maka na kowane gari ne?" Na ce, "Kawu, na gwada shi a fili, na ga ba shi da ƙarfi." Ya ce, "A fili ka gan shi. A cikin ƙarfe ka tambaye shi?"

Shekaru na yi ina neman amsar wannan tambaya, wajen tsofaffin sojoji da cikin littattafan Faransanci da wani malamin lakkal ya riƙa karanta mini. Ashe suna ne kawai ya haɗa su. Namu haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri, in ya ci wuta fiye da rabinsa toka da hayaƙi yake zama, shi ya sa ake wanke bindiga bayan kowane hawa. Na kartushi kuwa daga auduga ake samo shi a masana'anta, bayan an sarrafa ta da ruwan asid, kuma kusan dukkansa iska mai zafi yake komawa. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884, shekarar da Tanimun ya rasu. Bayan shekara biyu Faransa ta ƙera bindigar Lebel dominsa. Lura da wannan: ba su zuba sabon gari cikin tsohuwar bindiga ba, sabuwar bindiga suka yi masa, da ƙarfen da zai iya ɗaukarsa.

Halinsa shi ne abin da ya yaudare ni. A sarari yana ci a hankali. In aka kulle shi, matsi na ƙaruwa yana ƙara saurin ci, saurin cin kuma na ƙara matsin, duk cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A bindigar zamani matsin kan kai wajen bar 4,000 (bar shi ne ma'aunin matsi), alhali tayar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Ƙarfen maƙerinmu, komai ƙwarewarsa, ba don wannan aka yi shi ba.

Daga baya na ga hotunan bidiyo na maharban Amurka da ke sake ɗura kwanson harsashinsu a gida, inda dokarsu ta yarda. Abin da ya kama idona ba injinansu ba ne, tsoronsu ne. Ba sa awo da cikar ma'auni, da sikeli suke yi, irin wanda ya raba giram ɗaya kashi fiye da 15, ya kuma sake raba kowane kashi goma. Garin iri-iri ne, wani mai saurin ci wani mai jinkiri, ido kuma ba ya rabe su, don haka wanda aka rasa sunansa ba a amfani da shi. Kowane awo daga littafin masana'anta yake, wanda aka gwada da na'urar auna matsi. Mutanen da ke da duk wannan ke nan, amma bindiga na fashe musu in sun yi kuskure. Ni da guntun ƙaho na tunkare shi, da garin da ban san sunansa ba, wanda ya shekara nawa cikin zafin Damagaram, zafin da ke lalata shi. Ga kuma doka: a Nijar ko riƙe bindiga da harsashi sai da takardar izini, kuma da jandarma sun bi diddigin maganar, da ba hannu kaɗai zan rasa ba.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ban sake harbi ba, amma ƴan bindigar unguwarmu sun bar mini riƙon ƙaho. Daren jajibirin Salla samari kan taru a zaurenmu, ni nake duba abin da kowa ya kawo, in murza a tafin hannu, in sansana. Bara wani yaro ya zo da gari mai sheƙi cikin kwalbar magani, ya ce wani ne ya ba shi. Na shiga ɗaki na ɗauko tsagaggiyar bindigar Kawu na aza masa a cinya, na ɗora hannuna na hagu a kanta. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini kwalbar da hannu biyu ya ce, "Baba, ina za a kai shi?"