Layin fam 12 ya ci mini fam 73: lambobin 084 da 09 a Birtaniya

Da asubar wata Litinin a farkon Fabrairun 2023, ina cikin bas ina dawowa daga aikin dare, saƙon banki ya shigo wayata. Kamfanin layina ya ciri fam 73 da kwabo 53 daga asusuna. Su peni suke cewa, ɗari ne fam ɗaya, amma ni kwabo zan riƙa kiransa, tunda da ma sunan da kakanninmu suka ba shi ke nan. Kwantiragina fam 12 ne a wata, kuma ranar da na saye shi na karanta da idona: kira ba iyaka, saƙo ba iyaka. Na sake duba saƙon har sau uku, gabana yana faɗuwa, don na ɗauka wani ne ya shiga asusun.

A lokacin ban cika wata biyar a Manchesta ba. Karatun digiri na biyu ya kawo ni, kuma bizar ɗalibi awa 20 kacal take ba mutum ya yi aiki a mako idan ana karatu. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 9 da rabi ne a awa, shi kuwa ake biyana a sito. Wannan rarar ta fam 61 da ɗoriya, ladan awa shida da rabi ke nan na ɗaga kwalaye a cikin sanyi, kusan kashi ɗaya bisa uku na duk abin da doka ta yarda in samu a mako.

Da na isa ɗaki ko takalmi ban cire ba na buɗe manhajar kamfanin. Kira uku ne kawai suka jawo duk wannan. Biyu zuwa lamba mai farawa da 0844, ɗaya minti 25, ɗaya minti 14. Na ukun zuwa lamba mai farawa da 09, minti 9.

Na 0844 ɗin ban sha wahalar tunawa ba. A tsakiyar Janairu tukunyar ɗumama gidan da muke haya ta mutu. Wanda bai taɓa kwana a gidan Ingila babu ɗumi a watan Janairu ba, ba zai gane ba: numfashinka kana ganinsa a cikin ɗaki, bango yana zufar sanyi, ruwan alwala kamar ana yanka maka hannu. Mai gidan bai ɗaga waya ba. A jikin tukunyar akwai wata tsohuwar takarda da aka manna, gefenta duk ya naɗe, da lambar masu gyara. Na kira, wata murya ta ce in jira, aka sa mini kiɗa. Na ƙara sautin wayar na ajiye ta kan teburin kicin, na lulluɓa da bargo, na dafa shayi, na shanye, kiɗan yana ta yi. Hankalina kwance, ai kira ba iyaka ne. Ashe tun daga daƙiƙar da wannan muryar ta amsa aka fara lissafi, jiran ma kuɗi ne.

Ga yadda lissafin yake, don sai da na zauna na fahimce shi. Tun ranar 1 ga Yulin 2015 hukumar Ofcom, wadda take sa ido kan harkar sadarwa a Birtaniya kamar yadda NCC take yi a Najeriya, ta raba kuɗin kiran lambobin 084, 087, 09 da 118 (na tambayar lambar wayar wani) gida biyu. Akwai kuɗin hidima, wanda ɓangaren da ka kira ya zaɓa, akwai kuma kuɗin haɗa layi, wanda kamfanin wayarka yake ɗorawa a kan kowane minti. Kuɗin hidima yana da rufi: 084 ba ya wuce kwabo 7 a minti, 087 ba ya wuce kwabo 13, shi kuwa 09 yana iya kaiwa fam 3 da kwabo 60 a minti. Kuɗin haɗa layi kowane kamfani shi yake yanka nasa. Nawa kwabo 55 ne a lokacin. Wato a cikin fam 24 da kwabo 18 da na biya don tukunyar nan, abin da ya tafi ɓangaren masu lambar bai kai fam uku ba. Sauran fam 21 da kwabo 45 kamfanin layina ne ya ci. Wannan shi ya fi ba ni mamaki. Talla za ta rubuta maka kwabo 7 da manyan baƙaƙe, sannan ta ƙara da ƙanana cewa akwai kuɗin kamfanin wayarka, alhali wannan ƙaramin rubutun shi ne giwar.

Kiran 09 ɗin kuwa ya fi ciwo. Yayata ta aiko mini da takardun shaidar karatuna na asali daga Kaduna, kamfanin aika saƙo ya nuna an kawo, ni kuma ban ga komai ba. Ina tsaye a tashar bas, ruwa yana yayyafi, na rubuta sunan kamfanin a waya ina neman lambarsu. Abin da ya fara fitowa yana ɗauke da sunansu da maɓallin kira, na danna. Wata murya ta yi magana da sauri, hayaniyar titi ba ta bar ni na ji ba, sai aka haɗa ni da kamfanin na gaskiya, na yi bayanina, aka gano saƙon yana wurin maƙwabci. Na ji daɗi har na yi hamdala. Ban san na bi ta hannun ɗan tsakiya ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su sayi talla a saman sakamakon bincike, su sa lamba mai tsada, idan ka kira su miƙa ka ga lambar da da kanka za ka iya kira ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Fam 4 da kwabo 15 a kowane minti, minti 9, fam 37 da kwabo 35.

Na daɗe ina tunanin me ya sa idona bai tsaya a kan lambobin nan ba, sai na gane daga gida abin ya samo asali. Mu da muka tashi a Najeriya, lamba mai farawa da 08 ko 09 ko 070 ita ce lambar kowa. 0803 MTN ce, 0805 Glo, 0802 Airtel, 0903 da 0905 da 0703 duk layukan mutane ne, na mahaifiyarka da na mai shagon unguwa. Tsawonsu ma ɗaya ne da na nan, alƙaluma 11. To idan ɗan Kano ko ɗan Zariya ya ga 0844 ko 090 a Ingila, babu abin da zai ɗarsu a ransa. Bature ya taso yana jin tsoron 09 tun yana yaro, mu kuwa mun taso muna kiranta kullum. Sannan a gida kati muke sawa. Kuɗi ya ƙare, kira ya yanke, asararka ba ta wuce abin da ka loda ba. Kwantiragi ba ya yankewa. Bashi yake rubuta maka shiru, sai ƙarshen wata ya shiga asusunka ya ɗauka da kansa.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na nuna wa wani dattijo bil ɗin, mutumin Katsina ne da ya haura shekara talatin a ƙasar. Ya gyara tabarau ya duba, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ɗana, ai lambobin ƙasar nan iri biyu ne, masu gari da marasa gari. Idan ka ga 0161 ka san Manchesta ce, 020 Landan, 0121 Bamingam. Waɗannan suna cikin kuɗin watanka, su da na hannu masu 07. Wadda ba ta da gari kuwa, sai ka tambayi asalinta kafin ka taɓa."

Na ce, "To Baba, duk maras gari tsada gare ta?"

Ya ce, "A'a. Ka riƙe 03, ita ce mai amana. Ka riƙe 0800 da 0808, su kyauta ne."

Da na bincika na tarar haka abin yake. Tun 2007 aka fito da lambobin 03, kuma ƙa'ida ce a caje su daidai da 01 da 02, idan kana da mintuna a kwantiraginka dole su shiga ciki. Shi ya sa ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji da yawa suke amfani da 0300. Su kuwa 0800 da 0808, a da idan ka kira su daga wayar hannu ana iya cajinka, sai a wannan gyaran na 2015 suka zama kyauta. Wani abin da ya fi amfanata shi ne an keɓe 034 da 037 don masu tsofaffin lambobin 084 da 087 su koma. Saboda haka sau da yawa idan ka cire 8 ɗin ka sa 3, wato 0844 ta zama 0344, ko 0870 ta zama 0370, wuri ɗaya za ka faɗa. Ba kullum yake aiki ba, sai in kamfanin ya karɓi tagwayen lambar. Masu gyaran tukunyarmu sun karɓa, tana nan a shafinsu na intanet. Takardar da ke jikin tukunyar ce ta tsufa ba wanda ya canza ta.

Akwai ma doka a kan wannan. Tun watan Yunin 2014, kamfanin da ka riga ka sayi kaya ko hidima a wurinsa ba shi da damar sa ka kira lamba mai tsada don yin ƙorafi ko tambaya a kan abin da ka saya. Idan haka ne, duk lokacin da ka ga an ce ga lambar kula da abokan ciniki amma ta fara da 087 ko 09, to ka dakata, da wuya ta kamfanin ce ta ainihi. Lambar gaskiya tana kan rasit ɗinka, ko bayan katin bankinka, ko wasiƙar da suka aiko maka.

Wasu iri biyu kuma suna ɓuya, don sun yi kama da lambobin da ke cikin kuɗin wata. 070 ba lambar wayar hannu ba ce a Birtaniya duk da ta fara da 07, lamba ce da ake karkatar da kira ta cikinta, kuma ba kowane kwantiragi ne yake sa ta cikin mintuna ba. Haka lambobin tsibiran Jasi da Ganzi da Man, masu farawa da 01534 da 01481 da 01624, kamanninsu na gari ne amma kamfanoni da dama daban suke cajinsu.

Na kira kamfanin layina. Matar da ta ɗauka ta yi mini magana da mutunci, ta ce cajin daidai yake, yana cikin jadawalin farashin da na amince da shi. Gaskiyarta, yana ciki, a wani shafi can ƙasa da ban taɓa buɗewa ba. Na ce mata ban zo musu ba, amma ni baƙo ne, wannan ne karo na farko, kuma ba wanda ya nuna mini ranar da ake sayar mini da layin. Ta yi shiru ta duba, ta ce za su rage mini fam 10 a wata mai zuwa. Ta kuma gaya mini idan ban gamsu ba, bayan mako takwas ina iya kai ƙara wurin mai shiga tsakani mai zaman kansa. Ban kai ba. Masu lambar 09 ɗin na gano su ta shafin hukumar da take kula da irin waɗannan layukan a lokacin, inda mutum zai sa lamba a nuna masa mai ita. Yanzu aikin ya koma hannun Ofcom. Na rubuta musu sau biyu, na haɗa da hoton tallar, bayan kusan mako uku suka maido mini fam 20.

Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne wa wannan tsarin yake kamawa. Wanda ya san gari ba ya faɗawa. Masu faɗawa su ne baƙo, da tsohuwar da ba ta iya laluben intanet ba, da wanda ke cikin ruɗu yana neman mai gyara da tsakar dare ko yana neman takardunsa da suka ɓace. Mutum ba ya kiran irin lambobin nan don nishaɗi, sai matsala ta taso. Kuma ban ga hujjar da za ta sa haɗa kira zuwa 0844 ya ci kwabo 55 a minti ba, alhali kamfani ɗaya yake haɗa ni da 0344 ba ƙarin komai. Halal ne a dokarsu, na yarda, amma a wurina cin gumin mai rauni ne.

Kafin mu yi sallama da matar nan ta kamfanin layina, ta nuna mini abin da da na sani tun ranar farko da duk wannan bai faru ba. Tun Oktoban 2018 doka ta wajabta wa kamfanonin wayar hannu su ba mai sabon kwantiragi damar sa wa bil ɗinsa iyaka. Na sa tawa a sifili, wato duk abin da ya fita daga fam 12 ɗina ba zai shiga ba. Na kuma sa aka toshe mini 09 da 118 gaba ɗaya, saboda iyakar ba lallai ta rufe kuɗin hidimar wani kamfani ba, gara a yi duka biyun. Lambobin neman taimako ba ruwansu da wannan: 999 da 111 na lafiya da 101 na 'yan sanda duk kyauta suke shiga.

A watan Satumban da ya biyo baya wani yaro ɗan Gusau ya sauka a gidanmu, shi ma karatu ya zo. Daren farko, bayan ya ci tuwo ya kira gida, na ce, "Ƙanena, kawo wayarka." Muka zauna a teburin kicin ɗin nan muka sa iyaka, muka toshe 09, na nuna masa bil ɗina na Fabrairu da na ajiye hotonsa. Sannan na buɗe masa ƙofar tukunyar na nuna masa takardar, inda na soke 8 ɗin da jan biro na rubuta 3 a samanta.