Yadda na riƙa tono binciken korona a intanet

A shekarar 2020 aka ɗora mini aikin tattara abin da masana ke ganowa game da magungunan korona, ina taƙaita wa abokan aiki da ba su da sukunin zama gaban kwamfuta. Da Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen masana, na fara, kamar kowa. Yana da faɗi, amma ba ya tacewa. Ka rubuta sunan magani ɗaya, sai ya zubo maka dubban sakamako: maƙalar mujalla, kundin digiri, da daftarin da babu wanda ya duba, duk a haɗe. Ga shi yana fifita waɗanda aka fi ambata, alhali a lokacin annoba binciken da ya fito jiya kake nema, wanda kuwa ba a kai ga ambatonsa ba tukuna.

Sai na koma PubMed, rumbun kyauta na Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka. A nan na samu sauƙi, domin akwai wurin da za ka zaɓi irin binciken da kake so. Da na danna na gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, tulin nan sai ya dawo abin da mutum zai iya karantawa. Ɗakin karatun kuma ya buɗe LitCovid, wanda ke ware maƙalun korona zalla, ya kasa su zuwa magani, rigakafi, gano cuta da yadda take yaɗuwa. Shi nake leƙawa kowace safiya.

Wani abin lura shi ne sunan cutar. Sai 11 ga Fabrairu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa mata COVID-19, ƙwayar kuma aka kira ta SARS-CoV-2. Rahotannin farko daga birnin Wuhan na China da sunan 2019-nCoV suka fito, don haka wajen nema nakan jera sunayen uku da kalmar OR, wato "ko", a tsakaninsu.

An yi ta yayata CORD-19, tarin maƙalu kusan 29,000 da cibiyar binciken fasahar kwamfuta ta Allen a Amurka ta fitar a Maris 2020. Ni dai bai amfane ni sosai ba. Don masu koya wa kwamfuta karatu aka yi shi, kuma da yawan abin da ke cikinsa a farko tsofaffin bincike ne kan SARS da MERS, cututtuka dangin korona da suka ɓulla a baya.

Inda aikin yake da wuya shi ne sanin matsayin takardar da ka samo. Shafin medRxiv yana wallafa daftari kafin masana su tantance shi. Wani lokaci alheri ne: sakamakon gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya nuna maganin dexamethasone na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, a can ya bayyana cikin Yuni, wata guda kafin mujalla ta buga shi. Amma a shafin nan dai za ka tarar da binciken mutum ashirin yana iƙirarin abin da ya fi ƙarfinsa. Don haka kafin in karanta sakamako, sai na duba mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su.

Babbar mujalla ma ba ta tsira ba. The Lancet ta buga bincike kan maganin hydroxychloroquine ranar 22 ga Mayu 2020, mai cewa ya duba bayanan marasa lafiya kusan 96,000. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci saboda shi. Ranar 4 ga Yuni aka janye shi, don an kasa tabbatar da bayanan. To, PubMed yana manna wa irin wannan alamar janyewa, amma kwafin da ka sauke a kwamfutarka yana nan yadda yake, ba abin da zai sanar da kai. Shi ya sa nake rubuta ranar da na sauke kowace maƙala, kuma kafin in aika taƙaitawa sai na sake buɗe shafinta na asali, in kuma duba jerin da shafin Retraction Watch, mai bibiyar maƙalun da aka janye, ke tarawa na binciken korona da aka janye.